Littafin Hamada a Hannun Masu Sinima

A cikin shekarar 1957 wani ɗan jarida mutumin Amurka, ana ce da shi Frank Herbert, ya tafi wani ɗan gari mai suna Florence, a bakin teku cikin jihar Oregon, don ya rubuta labarin waɗansu tuddan rairayi da iska ke turowa suna neman binne hanyoyin mota, da kuma dabarar da ma'aikatan gona na Gwamnati suka yi ta dasa wata irin ciyawa don ta riƙe su. Labarin nan bai sami fita a jarida ba. Amma rairayin ya riga ya shiga ran mutumin, ya duƙufa ga karatu a kan hamada, da mazaunanta, da addinansu, shekara da shekaru. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne wani ƙagaggen labari mai shafi fiye da 400, wanda ya sa wa suna Dune, watau tudun rairayi. Kamfanonin buga littattafai fiye da 20 suka ƙi shi, sai a 1965 wani kamfani mai suna Chilton ya karɓa, shi kuwa an fi saninsa da littattafan koyar da gyaran mota.

Labarin irin waɗanda a ke ƙagawa ne a kan zamani mai zuwa, da jirage masu ratsa sararin samaniya daga wata duniya zuwa wata. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya ɗanɗana irinsu da Hausa. Herbert ya ci gaba da nasa har littafi 6, na ƙarshen ya fito a 1985, shi kuwa ya rasu a 1986. Tun daga 1971 masu sinima ke kokawa da littattafan nan. Waɗansu sun kashe dukiya ba su ɗauki hoto ko ɗaya ba, wani ya gama nasa ya komo yana gudunsa, waɗansu kuma sun sami riba da lambobin girma. Galibi akan ce tsawon littafin da tsadar aikin su suka ba su wuya. Da gaskiya cikin wannan magana, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ga labarin a taƙaice. Akwai wani Sarkin Sarakuna mai mulkin duniyoyi da yawa, a ƙarƙashinsa da gidajen sarauta masu gaba da juna. Cikin duniyoyin nan akwai wata, Arrakis, wadda ba kome cikinta sai rairayi da duwatsu, ba a kuwa ruwan sama. Amma a can kaɗai a ke samun wani irin yaji mai ƙara wa mutum tsawon rai, ya kuma buɗe masa ido ya hango abin da ke tafe. In babu shi matuƙan jirage ba su iya gane hanya, fatauci da mulki duk sai su tsaya cik. In mai karatu ya tuna da man fetur, bai yi nisa da nufin marubucin ba. Cikin rairayin akwai waɗansu tsutsotsi, wata takan kai mita 400, su ne tushen yajin, ruwa kuwa dafi ne gare su. Mutanen ƙasar, waɗanda a ke kira Fremen, ruwa ya yi musu ƙaranci har in ɗayansu ya mutu sai an tatse ruwan jikinsa an zuba a ma'ajin jama'a. In kuwa ya tofa yawu gabanka, to, girmamawa ce, don ya ba ka abin da ya fi kome tsada gare shi.

Sarkin Sarakuna ya ba Sarki Leto na gidan Atreides riƙon Arrakis, alhali kuwa tarko ne, ya riga ya haɗa baki da abokan gabansa, mutanen gidan Harkonnen. Aka ci amanar Leto, ya hallaka. Ɗansa Paul, yaro ɗan shekara 15, da uwarsa Jessica suka gudu cikin hamada, Fremen suka karɓe su. Bayan 'yan shekaru Paul ya fito da rundunar Fremen bisa tsutsotsi, ya rama jinin ubansa, ya tuɓe Sarkin Sarakuna, ya haye gadonsa.

In an tsaya nan, ai tatsuniya ce irin wadda kowace al'umma ke da ita, maraya ya girma a daji ya komo ya karɓi sarautar gidansu. Amma Herbert ya ɓoye wani abu a ƙarƙashinta. Fremen suna jiran wani mai ceto da su ke kira Mahadi, ko Lisanul Gaibi. Mai karatu kuwa an riga an gaya masa cewa wannan bushara ƙirar mutane ce. Wata ƙungiyar mata ce mai suna Bene Gesserit, wadda Jessica ke cikinta, ta aika da 'yan saƙonta tun ƙarnuka da suka wuce suka shuka ta cikin jama'a, don in wata 'yar ƙungiyar ta shiga wuya wata rana ta sami abin fakewa. Paul ya san haka. Ya kuma hango, da ƙarfin yajin nan, cewa in ya karɓi sunan, mabiyansa za su ɗauki tutarsa su bi duniyoyi da yaƙi, ba mai iya tsai da su, ko da shi kansa. Yana gudun abin yana kuwa matsawa gare shi, har ya auku. A littafi na biyu, Dune Messiah, na 1969, an ce yaƙin ya ci rai miliyan dubu 61 cikin shekara 12, Paul kuma ya makance ya shiga hamada shi kaɗai. Herbert ya sha faɗa cewa gargaɗi ya ke yi a kan shugaba mai farin jini, wanda jama'a ke miƙa wa hankalinsu su huta da tunani. John W. Campbell, editan mujallar da ta fara buga Dune kashi kashi, ya ƙi karɓar na biyun, don ba ya son a rushe masa jarumi.

Har wa yau, yawancin abin da ke da nauyi cikin littafin a zukatan mutane ya ke gudana. Akwai wani babi da Sarki Leto ya kira manyan gari liyafa. Al'adar gidan tun zamanin Harkonnen ita ce baƙi su wanke hannu, su kwarara ruwa a ƙasa, su jefa tsummokin goge hannu a ciki, sa'an nan a matse tsummokin ga mabaratan da ke bakin ƙofa. Leto ya gani, ransa ya ɓaci, ya hana. Aka zauna ga abinci, kowa na magana mai daɗi, amma marubucin yana buɗe cikin wannan ya buɗe na wancan, mai karatu ya ga wane ne ɗan leƙen asiri, wane ne ke tsoro, wace kalma ce wuƙa cikin kube. Ba a zare makami ba, amma da wuya a sami babin da ya fi shi sa zuciya bugawa. Hasali ma tun farkon littafi an faɗi sunan wanda zai ci amanar Leto, watau likitan gidansa, Yueh, don marubucin ba ya so a shagala da tambayar wane ne, ya fi so a zauna cikin zuciyar maci amanar a ga yadda ta ke ƙuna.

To, sinima ido ce. Na'urar ɗaukar hoto ba ta shiga ciki, iyakarta fuska. Kuma duk wanda aka cika allo da fuskarsa ana kaɗa masa take, 'yan kallo sai su so shi, ko da marubuci ya nufi a ji tsoronsa. Saboda haka kowane fim na Dune da abu biyu ya kamata a auna shi: yadda ya yi da zancen zuci, da kuma yadda ya yi da Paul.

Wanda ya fara sayen izinin mai da littafin fim, Arthur P. Jacobs, ya rasu a 1973 bai fara ba. Daga nan izinin ya koma hannun waɗansu Faransawa, suka danƙa aikin ga Alejandro Jodorowsky, mutumin ƙasar Cile. Shi da bakinsa ya ce sa'ad da ya zaɓi littafin bai ma karanta shi ba. Ya tara gwanayen zane a Paris, wani Bafaranshe da a ke kira Moebius ya zana masa hoto wajen 3,000, watau fim ɗin duka a takarda. Ya nemi Salvador Dali, mashahurin mai zanen nan na Sifen, ya fito a Sarkin Sarakuna, shi kuwa ya ce sai an biya shi dala 100,000 kowace sa'a. Ya sa ɗansa na cikinsa, yaro ɗan shekara 12, koyon faɗa har shekara 2 don ya fito a Paul. Tsawon fim ɗin kuwa zai haura sa'a 10. Da aka kai kundin zanen ga kamfanonin Hollywood, kowa ya yaba, ba wanda ya buɗe jaka. Aikin ya mutu wajen 1976, ma'aikatansa suka watse, waɗansunsu suka haɗu a wani fim mai suna Alien na 1979.

A 2013 aka yi wani fim a kan wannan fim da ba a yi ba, tun daga nan mutane da yawa ke cewa an yi babbar hasara. Ko da ya ke zanen abin kallo ne, ya kamata a duba yadda Jodorowsky ya shirya ƙare labarin. A nasa, za a yanka Paul, ruhinsa ya shiga jama'a duka, hamada ta yi kore shar, duniyar Arrakis ta tashi tana yawo tana raba haske ga sauran duniyoyi. Watau ya ɗauki littafin da ke cewa a yi hattara da mai ceto, ya mai da shi waƙar yabon mai ceto. Mai yiwuwa ne da an yi shi ya zama abin mamaki, amma da ba Dune ba ne.

Sai wani attajirin sinima Ba'italiye, Dino De Laurentiis, ya sayi izinin. Ridley Scott ya riƙe aikin 'yan watanni ya bari. Aka kira David Lynch, ya ɗauki hotunansa a ƙasar Meziko a 1983, fim ya fito cikin Disamba 1984. An kashe wajen dala miliyan 40, abin da ya komo a Amurka bai wuce miliyan 31 ba. Lynch ya so sa'a 3, masu kuɗi suka datse shi ya koma sa'a 2 da minti 17, har ya zama rabin littafin na baya, watau zaman Paul cikin Fremen, an bi ta kansa a guje kamar mai tsoron dare ya yi masa. A waɗansu gidajen sinima sai da aka riƙa raba wa 'yan kallo takardar fassarar baƙin kalmomi a bakin ƙofa, sai ka ce mutum na iya karatu cikin duhu. A 1988 aka ƙara masa tsawo don talabijin ba da yardar Lynch ba, ya sa aka cire sunansa daga wannan, har ya rasu a 2025 ba ya son zancen fim ɗin.

Ba a rasa abin yabo ba a ciki. Fadar Sarkin Sarakuna, da tufafi, da matuƙin jirgin da yaji ya canja wa halitta yana iyo cikin akwatin gilashi, duk sun zauna a idon wanda ya gani. Amma ga zancen zuci, dabarar da Lynch ya yi ita ce ɗan wasa ya tsaya shiru, a ji muryarsa tana raɗa abin da ya ke tunani. A takarda ido kan wuce irin wannan cikin ƙiftawa. A allo kuwa sai wasa ya tsaya, mutane su yi cirko-cirko suna duban juna har raɗar ta ƙare, sau da yawa ma abin da a ke raɗawa fuska ta riga ta faɗa. Babban laifin yana ƙarshe. Da Paul ya ci yaƙi, sai hadari ya haɗu, ruwan sama ya kece a kan Arrakis, aka tashi. Wannan ya rushe littafin ta fuska biyu. Ruwa dafi ne ga tsutsa, in tsutsa ta mutu yaji ya ƙare, mulkin da Paul ya ƙwata ya zama banza. Sa'an nan a littafi Fremen suna da burin raya ƙasarsu, amma ta hanyar tara raɓa ɗigo ɗigo da dasa ciyawa a kan tuddai, kamar dai ma'aikatan gonan nan na Oregon, aikin da suka san sai jikokin jikoki za su ga amfaninsa. Lynch ya share wannan haƙuri duka da mu'ujiza guda, ya tabbatar da busharar da marubuci ya ce ƙira ce. Herbert ya yaba wa fim ɗin a wurare da dama, amma ruwan nan bai yi masa daɗi ba, ya ce Paul nasa mutum ne, ba shi da ikon saukar da ruwa.

A shekarar 2000 wata tashar talabijin ta Amurka ta sa John Harrison ya yi shi kashi 3, wajen sa'a 4 da rabi, a 2003 kuma aka haɗa littafi na biyu da na uku aka yi wani. Waɗannan su suka fi bin littafi sau da ƙafa, liyafar Leto ma tana ciki, su ne kuma suka fara nuna makancewar Paul. Sai dai kuɗi kaɗan ne, a cikin ɗaki aka ɗauki yawancinsa a birnin Prag, hamadar kuwa hoto ce a jikin ƙyalle. Labarin da ƙishirwa ce ginshiƙinsa, mai kallo bai taɓa jin maƙogwaronsa ya bushe ba.

Wanda ya kai hamadar gaske shi ne Denis Villeneuve, mutumin Kanada. Ya ƙi karɓar aikin sai an yarda ya raba littafin farko biyu. Ya ɗauki hotuna a 2019 a Wadi Rum ta ƙasar Jodan da rairayin Abu Dabi, annobar korona ta jinkirta shi har Oktoba 2021. Caca ce aka yi, don ba a ba da izinin kashi na biyu ba sai da aka ga na farko ya sami kasuwa. Ya samo fiye da dala miliyan 400, da lambar Oscar 6, na biyun kuma, na 2024, ya haura miliyan 700. In an haɗa su sun fi sa'a 5.

Villeneuve ya bi ta wata hanya dabam da ta Lynch. Ya zubar da raɗa, ya rage magana, ya dogara ga karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shakkar da littafi ya sa cikin zuciyar Paul kuwa, sai ya ciro ta ya ba wani mutum ya riƙe, watau Chani, yarinyar Fremen da Paul ke so. A littafi Chani mai biyayya ce, ta yarda da shi, har ta haƙura ta zauna ƙwarƙwara sa'ad da ya auri 'yar Sarkin Sarakuna don sarauta. A fim ita ce mai cewa busharar nan igiya ce da baƙi suka kawo don su ɗaure mutanenta. Da kowa ya durƙusa gaban Paul ita ba ta durƙusa ba, ta juya ta fita, fim ya ƙare a kan fuskarta tana tsaye cikin rairayi. Villeneuve ya ce ya yi haka ne don ya san Herbert ya yi baƙin cikin yadda masu karatu suka ɗauki Paul jarumi. Waɗansu masoya littafin sun yi fushi da wannan canji, amma ba su yi adalci ba. A nan an saɓa wa harafin littafi don a cika nufinsa, kuma cikin dukan waɗanda suka gwada, shi kaɗai ya sami hanyar da ido zai ga gargaɗin.

Duk da haka an biya kuɗin wannan nasara. Liyafar Leto babu ita, likita Yueh ya ci amana tun mai kallo bai san shi ba, hawayen da Paul ya zubar ga mutumin da ya fara kashewa, wanda ya ba Fremen mamaki don ya ba matacce ruwa, shi ma an cire. Akwai kuma maganar kalmomi. Herbert ya ɗebo kalmomi da yawa daga Larabci da Farisanci, da kuma labarin Imam Shamil da ya yaƙi Rasha a duwatsun Kaukasus. A littafi ba Fremen kaɗai ke da su ba. Sarkin Sarakuna kansa Padishah a ke ce masa, tawayen da 'yan Adam duka suka yi wa injuna masu tunani tun zamanin da, wanda ya sa babu kwamfuta cikin labarin, shi ma jihadi a ke kiransa. Watau marubucin ya ƙaga zamanin da wayewar Musulmi ta shiga jinin kowa. Fim ya cire kalmar jihadi ɗungum ya sa yaƙi mai tsarki a madadinta. Akwai uzuri, da ya ke kunnen mutanen Turai da Amurka ya saba jin kalmar ta fuska guda tun 2001. Amma an bar Mahadi, an bar lulluɓi da sujada, aka tattara su duka a kan mutanen hamada, har bangaskiyar shugabansu Stilgar ta zama abin ba 'yan kallo dariya. Abin da ya ke gadon kowa a littafi ya koma alamar waɗanda a ke ruɗa.

Sa'an nan kuma sinima ba ta bar halinta ba. Sa'ad da Paul ya hau tsutsa, ko ya tsaya gaban taron Fremen yana tsawa, kiɗa na girgiza kujeru, da wuya a sami mai kallon da tsikar jikinsa ba ta tashi ba. Fuskar Chani ta minti ɗaya ce ke ja da wannan duka. Wanda ya shiga da sanin littafi zai fito da gargaɗi, amma da yawa sun fito suna yi wa Paul kirari. Mai kare Villeneuve yana iya cewa da gangan ne, an sa mai kallo ya ɗanɗana abin da Fremen suka ji don ya kama kansa yana tafi. In haka ne, hukuncin fim biyun nan yana rataye ga na uku, wanda aka fara ɗauka a 2025 bisa Dune Messiah, inda babu gadon da za a ƙwato, sai sarki mai nadama da maƙarƙashiyar fada.

Bayan wannan ma da sauran tafiya. Littafi na huɗu, na 1981, labarin ɗan Paul ne, Leto na biyu, wanda ya haɗa jikinsa da tsutsa ya yi mulkin kama-karya shekara 3,500 da gangan, don 'yan Adam su ƙoshi da mai ceto har abada. Yawancin littafin yana zaune ne bisa keken sarauta yana zance da fadawansa. Daga littafin nan zuwa na shida, ba wanda aka mai da fim cikin dukan ƙoƙarin nan da aka ambata.